Tokar Ɓuntu a Fangali Biyu

Litinin, 10 ga Fabrairu, bakwai na safe

Ƙasa ta sake yin fari. Na sauka fadama da sandata kafin rana ta ɗaga, na tarar bakin kowane fangali ya yi ɓawo kamar an barbaɗa garin rogo. Na dangwala na ɗanɗana. Kanwa ce, da ɗan gishiri daga baya. Shinkafar da samarin majami'a suka dasa mini kwana goma sha biyu da suka wuce ta fara ƙonewa daga tsinin ganye, duk fangali huɗun. Rani na uku ke nan a jere.

Ina rubutawa ne don kada gobe wani ya ce tsoho bai san abin da ke faruwa a gonarsa ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina malamin gona. Daga Danko har Ribah babu ƙauyen da kekena bai shiga ba. Ba ni Dawuda za a koya wa ƙasa ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, da hantsi

Ebenezer ya zo, ɗan wan marigayiya matata. Ya ƙame a bakin ƙofa kamar har yanzu yana barikin da aka sallame shi. Na nuna masa kujera, bai zauna ba.

"Baba, ya ƙarfin jiki?"

"Yana inda ka bar shi ranar jana'iza."

Shekara biyu ke nan, kuma ya sani. Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce dattawa na son ganina ran Asabar a gidan mai unguwa, kan batun fadama. Na ce wace fadama? Ya ce, "Ta kakana."

Ta kakansa. Shekara bakwai na yi golmo a gonar tsohon nan, kamar yadda kowane saurayi a ƙasar nan yake noma wa uban yarinya kafin a ba shi ita. Ina makaranta a lokacin. In an yi hutu abokaina su kwanta a inuwa, ni in saɓa garma. Ranar da na cika, surukina ya kai mu bakin rafi ni da ita, ya nuna da sanda ya ce, "Muddin tana ba ku abinci, taku ce." Wannan maganar Ebenezer ya tono. Ko cikinsa ba a ɗauka ba ranar da aka yi ta.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da yamma

Igiyar injin ban ruwa ta fi ƙarfina. Sau tara na ja kafin ya tashi. Na zauna a kan kunya har numfashina ya dawo. Mutum biyu sun wuce, sun gaishe ni daga nesa. Gara haka.

Asabar, 15 ga Fabrairu, uku na rana

An zauna. Ebenezer ya yi magana a tsaye. Ya ce mutum goma sha ɗaya ke kwana a gidansa, 'yan'uwan da suka baro gonakinsu a wajen Bena saboda abin da kowa ya sani. Ya ce Hannah, matar ƙanensa, ta iso da yara huɗu ba ko fartanya, mijinta kuwa bai fito ba. Ya ce ga ƙasar gidansu tana hannun mutum guda da ba ya iya tayar da inji, rani biyu ba ta ba da ko tiya ba, kuma ba ɗa ba jika da zai gada.

Wannan na ƙarshen bai kamata ya faɗa ba. Joel ɗanmu tare suka shiga soja. Ebenezer ne kaɗai ya dawo.

Ban ce ƙarya yake ba a kan mutanen Bena. Na dai tambaye shi me zai shuka a kan kanwa. Ya ce ko ɗaki ne sai su gina.

Mai unguwa ya yanke cewa ran Asabar, 29 ga Maris, dattawa za su sauka su gani da idonsu. In shinkafa na raye, maganar tsoho na nan. In ta mutu, ƙasa ta koma gidansu. Mako shida. Duk suka gyaɗa kai, har da waɗanda ni na koya musu tazarar shuka da igiya.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan sujada

Fasto ya yi wa'azi a kan raba abin hannu. Sau uku ya dubi bencina.

Litinin, 17 ga Fabrairu, sha ɗaya na safe

Ina fadama sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wata da buhu biyu. Keziah ce, ɗiyar Ebenezer, wadda aka ce ta gama karatun noma tana aiki da wata ƙungiyar manoman rani. Rabona da ita tun tana sa kayan makaranta.

"Mijin nawa, haka ake tarbar amarya? Ko sannu da zuwa babu?"

"Ubanki ya aiko ki ki auna ƙasar ne, ko ki auna ni?"

"Babana bai san na zo ba, Kaka. In ya ji, yau sai dai in kwana gidanka, kuma na ga alamar ba ka da tuwo."

Ta tsuguna ta tuge tsiro guda, ta wanke saiwar ta duba. Ta ɗebi ruwan rijiyar burtsatsena a tafin hannu ta kurɓa, ta tofar. Ta ce da ɗan gishiri a ciki, kuma kullum rana na shanye ruwan ta bar gishirin a ƙasa. Na ce wannan na san shi tun ba a haifi ubanta ba.

Sai ta kwance buhu. Toka ce, baƙa-baƙa, mai sauƙi kamar ba komai a ciki. Tokar ɓuntun shinkafa.

Na ce ta ɗaure buhunta. Na ce ta je ta tambayi kowace tsohuwa a Zuru da me ake yin miya in babu kanwa. Da ruwan toka. Toka kanwa ce. Ƙasa na mutuwa da kanwa, ke kuma kin ɗauko mata ƙari a kan babur. Abin da aka koya muku ke nan?

Ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta ce wannan tokar daban take. Wai akwai wani abu a cikin ɓuntu da ake kira silikon, shi ne a cikin yashi da gilashi, shi ke sa ɓuntu kaushi har ya karce hannu. In aka ƙona ɓuntun a hankali, abin na narkewa kaɗan-kaɗan a ruwa, saiwa ta sha, ta jera shi a jikinta kamar yaɓe a bango. Gishiri ya rasa ƙofar da zai bi ya hau ganye da yawa. Ganyen kuma ya yi tauri, rana ba ta zuƙe shi da sauri.

Na ce a littafinmu an jera abincin tsiro kaf, na haddace su na ci jarrabawa, babu wannan suna a ciki. An ce mana yashi ne, yashi kuwa ba abinci ba ne.

"Ba na ce zai kori gishirin ba, Kaka. Gishirin na nan. Shinkafar ce za ta iya jure shi." Sannan ta ce, "Ai ka san tokar nan. Ba yau ta fara zuwa gonar nan ba."

Na ce ta fita mini daga gona. Ta tafi ta bar buhunan.

Akwai batun wata tasa, amma ba zan rubuta shi ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da safe

Buhunan na nan. Ban taɓa ba. Fangali biyu na gefen rafi sun fi muni, ganye ya naɗe kamar tsinke.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da la'asar

Ta dawo, da tuwon dawa a kwano. Ban roƙe ta ba. Na ci don kada ya lalace.

Na ba ta fangali biyun gefen rafi. Su ne mafi lalacewa, da wuya su kai Maris ko me aka yi musu. In sun mutu da tokarta a kai, zan kai ta gaban dattawa in ce ɗiyar mai ƙara ce ta kashe su. Na faɗa mata haka ƙiri-ƙiri. Ta ce ta yarda.

Ta barbaɗa tokar tsakanin layuka, ta cuɗa ta da laka da ƙafa. Sannan ta ɗauki fartanyata ba tambaya ta nufi kusurwar gabas, ta fara tono daidai inda tsohuwar magudana take, wadda na cike shekarun baya don na ga ruwa na zurarewa rafi a banza. Ciyawa ta rufe wurin sarai, amma ba ta yi laluben ko taku ɗaya ba. Ta san wurin. Na san wadda ta nuna mata.

Ta ce a cika fangalin da ruwa, a bar shi ya tsiyaye, a sake. Ja ɗaya ta yi wa injin ya tashi. Na tsani injin nan.

Fangali biyun sama nawa ne. Zan bi da su bisa ƙa'ida, takin zamani a kan lokaci, ruwa a kan awo.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da rana

Ban je sujada ba. Gwiwa.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da yamma

Babu bambanci. Nata ja, nawa ja. Na faɗa mata, ta ce kwana shida ne kawai. Na ce mai gaskiya ba ya neman ƙarin kwanaki.

Ebenezer ya ji. An ce ya ɗaga mata murya har maƙwabta suka leƙo. Ta zo idonta a kumbure, ban tambaye ta ba. Ko wasan kwaikwayo suke yi mini su biyun, wa ya sani.

Asabar, 1 ga Maris, da safe

Na ga Hannah a bakin hanya ta tsaya tana kallon fadamar, da goyo a baya. Ta rusuna ta gaishe ni. Na amsa da hanci. Ta riga ta fara zaɓen inda za ta sa ɗakinta, ina tsammani.

Talata, 4 ga Maris, bakwai na safe

Sabon ganye ya fito a fangalin gefen rafi. Kore ne har tsini. Na duba gindi ashirin, goma sha huɗu haka suke. Na shafa ganyen daga sama zuwa ƙasa, yana kama yatsa.

A nawa, gindi uku cikin ashirin.

Magudanar ce. Duk wanda ya yi karatu ya san ruwa in ya tsiyaye yana tafiya da gishiri.

Talata, da yamma

Na faɗa mata magudanar ce. Ta ce, "Da ita da tokar, Kaka. Ɗaya na rage gishirin, ɗaya na taimakon shinkafar da abin da ya rage. Ka bar ni in sa a naka." Na ce ba ta isa ba.

Juma'a, 7 ga Maris, da azahar

Na yi tunani kwana uku. In har toka ce ke aikin nan, to toka toka ce, ba sai na roƙi ɗiyar Ebenezer ba, ba kuma sai na je bayan injin casa ina tonon juji kamar kaza ba. Na kwashe ta murhuna. Na karɓi ta maƙwabciyata mai dafa burkutu, wadda ke ƙona itace kamar ba gobe, na ce mata ramin ɓera zan toshe. Sawu biyar na yi da bokiti, ina hutawa a hanya. Na zuba a fangali na uku, ɗaya daga nawa na sama, na cuɗa da sanda, na sake ruwa. Ba wanda ya gan ni.

In ya yi kyau, zan ce takin zamani ne.

Lahadi, 9 ga Maris, da yamma

Ganyen na uku ya yi wani iri. Zafin rana ne mai yiwuwa.

Talata, 11 ga Maris, da hantsi

Fangali na uku ya ƙone. Duka. Kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

Laraba, 12 ga Maris, da la'asar

Ta gani. Ta tsuguna ta ɗebi lakar ta shinshina, ta tsinto ɗan gawayin itace ta riƙe a tafin hannu. Ta bi ni har gida.

Ta nemo gwangwani biyu ta huda gindinsu, ta shimfiɗa tsumma. Ɗaya ta cika da tokar murhuna, ɗaya da tokar ɓuntu. Ta zuba ruwa ta tara kofi a ƙarƙashin kowanne, yadda mata ke tatsar ruwan toka. Muka zauna muna kallon ɗigo kamar wawaye biyu.

"Ɗanɗana."

Na murhu ya kama mini harshe, yana santsi a yatsa kamar sabulu. Na ɓuntu kusan lami, sai ɗan gardi. Ta sa na murza jiƙaƙƙiyar tokar ɓuntun a tsakanin yatsu. Tana ƙaras-ƙaras kamar garin kwalba.

Ta ce, "Rabin maganarka gaskiya ce, Kaka. Tokar itace kanwa ce. Shi ya sa Kaka, matarka, ba ta taɓa kai ta murhu gona ba, ko sau ɗaya. Ta murhu ta miya ce, ta ɓuntu ta shinkafa. Haka take ce mini. Ba ta san sunan abin da ke ciki ba, amma ta san ba ɗaya suke ba. Da ka tambaye ta, da ta faɗa maka."

Na ce kada ta sake ambaton matata a gidana.

"Ina wurin ranar, Kaka. Ni na riƙo mata buhu."

Na ce ta fita. Na ce ita da ubanta jirgi ɗaya ya kwaso su, shi yana son ƙasata, ita tana son mutuncina. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan sa a takarda ba. Ta ɗauki kwanonta ta tafi. Kofunan biyu na nan a kan tabarma.

Juma'a, 14 ga Maris, da yamma

Ba ta zo ba.

Asabar, 15 ga Maris, da yamma

Ba ta zo ba. Sau goma sha ɗaya na ja igiya.

Lahadi, 16 ga Maris, biyu na rana

Zan rubuta, tunda ba mai karantawa.

Duk shekarun da nake yawo a keke ina koya wa mutane noma, ita ke riƙe da fadamar nan. Kowane rani sai ta je bayan injin casa ta tara ɓuntu, ta kunna shi daga ciki ya ci kwana biyu ba harshen wuta, ta kwaso a wata tasa mai bakin shuɗi. Ban kula ba, tunda shinkafa na shigowa. Da rafi ya fara ƙafewa da wuri na sa aka haƙa burtsatse, na ce daga yau gonar za ta bi ƙa'ida. Na cike magudanarta. Rani na biyu farin ya fara leƙowa a bakin kunya, sai na ce tokarta ce.

Shekara bakwai ke nan. Ranar matan zumunta sun zo taya ta dashe, su kusan goma. Ta sauko da tasar a ka. Na daka mata tsawa daga nesa, na ce ajiye tokar nan. Ta ce in saurara ta yi mini bayani. Na fizge tasar na kifar a hanya. Na ce jahilci ne, na ce wadda ba ta iya rubuta sunanta ba ba za ta koya wa malamin gona aikinsa ba. A gaban matan.

Ta tsuguna ta ɗauki tasar, ta kakkaɓe da gefen zaninta. Ba ta sake taka fadamar ba har ta mutu. Shekara biyar tana dafa mini, tana wanke mini, tana amsa gaisuwata. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Na ɗauka ya wuce.

Tasar na ƙarƙashin gado.

Laraba, 19 ga Maris, da azahar

Na hau kabu-kabu zuwa injin casa. Ƙashin bayana har yanzu bai yafe mini ba. Mai injin, Sylvester, ya fito yana kaɗe gari daga rigarsa. Ya dubi tasar kafin ya dube ni.

"Baba, kai ne mijin Mama mai tasa? Wanga tasa na san shi. Mama ya daina zuwa, na ce ko ya canja gari."

Na ce ta rasu. Ya cire hularsa. Ya ce ita kaɗai ce take rage masa tudun ɓuntun nan, yanzu ga shi har yana neman cinye masa katanga. Ya ce in ɗiba har in gaji. Ya nuna mini gefen da wuta ta ci a hankali, ya ce Mama ba ta ɗaukar wanda ya yi fari fat, baƙi-baƙin take zaɓa. Har mai injin casa ya san abin da ban sani ba.

Na sa a fangali na huɗu. Na san an makara, gindin ya riga ya ruɓe. Na sa duk da haka.

Asabar, 22 ga Maris, da safe

Na tarar da sawun takalmin roba a gefen rafi, kuma an share bakin magudana. Tana zuwa ke nan da sassafe kafin in sauko. Ba ta son ganina, amma ba ta bar shinkafar ba. Taurin kai irin na gidansu.

Fangali biyun sun rufe ƙasa, sun kai mini gwiwa. Farin ɓawon na nan a bakin kunya bai tafi ba, shinkafar kuma na tsaye a gefensa.

Talata, 25 ga Maris, da yamma

Na huɗu ya tafi.

Juma'a, 28 ga Maris, biyar na yamma

Gobe ne. Zan iya cewa dabarata ce, gwaji na yi: fangali biyu da toka, biyu babu, kamar yadda muke yi a gonar gwaji. Za su yarda. Shekara talatin suna yarda da ni. Keziah kaɗai ta sani, ita kuwa ba za ta ƙaryata tsoho a gaban dattawa ba.

Na wanke rigata mai aljihu biyu.

Asabar, 29 ga Maris, huɗu na yamma

Sun zo su shida, da Ebenezer, da Hannah daga baya-baya. Keziah ta tsaya can kan hanya. Suka zagaya. Mai unguwa ya shafa ganyen gefen rafi, ya dubi farin da ke bakin kunya, ya sake duban ganyen.

"Malam, biyu sun mutu, biyu kamar ba a ƙasa ɗaya suke ba. Wane magani ka sa?"

Kafin in buɗe baki Ebenezer ya ce, "Ku tambaye shi hannun wa ya yi aikin."

Da bai yi magana ba, ban san abin da zan faɗa ba. Wannan ita ce gaskiya. Amma na ga yana shirin ɗaukar abin ya kai gidansu, kamar yadda yake son ɗaukar ƙasar, sai na ji ba zan bar masa ba.

Na ce hannun ɗiyarsa ne, amma aikin ba nata ba ne, ba kuma nawa ba. Na matata ne. Na ce shekara talatin tana sa tokar ɓuntu a nan, ni na hana ta, na kifar mata da tasa a gaban mata, waɗansunku matanku na wurin, ku je ku tambaye su. Na ce na uku ni na ƙone shi da tokar murhu, na huɗu ni na kashe shi da ƙa'ida. Ku rubuta haka in kuna rubutu.

Wani dattijo ya shiga gyaran hularsa ba dalili. Ebenezer ya buɗe baki ya rufe. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Suka koma gefe suka yi shawara. Mai unguwa ya ce maganar tsoho ita ce muddin tana ba da abinci. Biyun gefen rafi za su ba da, saboda haka nawa ne har iyakar raina. Biyun sama ba su ba da ba, sun koma gidansu, Hannah za ta noma.

Rabin golmona ke nan. Shekara uku da rabi na gumi, an miƙa wa wadda ban san sunan ƙauyensu ba. Ban yafe wa Ebenezer ba, kuma ba na jin zan yafe.

Da za su tafi Keziah ta sauko ta ja igiyar injin, ta ce, "Tsohon miji, rigar nan ta yi maka yawa." Na ce ba ruwanta.

Litinin, 31 ga Maris, tara na safe

Na sauko na hango Hannah a fangalin sama, ta tuge matacciyar shinkafar ta tara gefe. Bokiti ne a kanta, farar toka na zubowa daga bakinsa. Ta ji an ce toka ce ta ceci gonar, ta kwaso ta murhun Ebenezer.

Na daka mata tsawa daga inda nake. "Ajiye tokar nan."

Sai da maganar ta fita na ji ta a kunnena. A wurin nan ne, kusan a kan kunyar nan. Matar ta daskare, goyonta ya fashe da kuka. Ta sauke bokitin a hankali tana kallona kamar zan doke ta.

Na koma gida. Tafiyar da nake yi a minti goma ta ɗauke ni kusan rabin awa, zuwa da dawowa da tasa a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. Tana nan inda na bar ta. Na sa ta murza ta bokitinta, na sa ta murza ta tasar. Na ce waccan ta miya ce, wannan ta shinkafa. Na nuna mata inda za ta fasa kunya ruwanta ya bi magudana. Na faɗa mata ta je wurin Sylvester ta zaɓi baƙi-baƙin, kada ta ɗauki fari. Na ce tasar aro ce, ta dawo mini da ita a wanke, in ta lotsa ta za ta gane ba ni da kirki.

Ta ce, "Na gode, Baba. A wace makaranta aka koya muku wannan?"

Na ce ba a makaranta ba ne. Ta tsaya tana jira, sai na faɗa mata sunan matata. Shekara biyu ban furta shi ba, a littafin nan ma ban rubuta ba.

Leah.